Zuwa da Kai Ya Fi Saƙo

Gaisuwa ga na ruga da na mashekari, da waɗanda ke kan burtali da garke, da fataken da ke jiran layi a bakin iyaka, ko a Ɗan Isa ko Jibiya, ko Ƙonni ko Illela, ko Magarya ko Maigatari. Allah Ya ba da sa'a, Ya kai kowa gida lafiya.

Maganarmu ta yau ta samo asali ne daga wani Alhaji mai fataucin albasa da ya kira mu a waya. Ya ce yana da ɗiya, ta gama sakandare, ba ta da aiki sai rubuta labarai a wayar salula, labaran aljanu da na mutanen da ke yawo cikin taurari. Ya ce, "Malam, wannan abu yana da kasuwa kuwa, ko cinye caji ne kawai?" To, tambayar ɗan kasuwa ke nan, kuma ta cancanci amsa ta ɗan kasuwa. Alhaji, yana da kasuwa, har da ranar cinta. Zan kai ku can yau, mu bi sawun wata marubuciya da ta daɗe tana cin wannan kasuwa. Kai ma makiyayi kada ka kashe rediyo, don akwai sunanka a cikin kayan da ta ɗauka ta tafi da su.

Da farko, wane irin labari ake nufi? Iri biyu ne, amma rumfarsu ɗaya. Na farko shi ne ƙagaggen labarin kimiyya, inda marubuci zai dubi abin da ke hannunmu yau, waya ko jirgi ko maganin asibiti, ya ce to in an shekara hamsin ko ɗari, ina wannan abu zai kai mu? Na biyu shi ne labarin al'ajabi, na aljanu da dodanni da dabbobi masu magana. Wannan kam ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya yi hira a gaban kakarsa ya san Gizo da Ƙoƙi. A rubuce ma mun daɗe da shi. A 1934 aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. A 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka ɗauka aka yi sararin samaniya da shi. Ashe ɗiyar Alhaji gado ta tarar.

Masu son irin waɗannan labarai suna da tarurruka a ƙasashe da yawa, amma wanda ya fi daɗewa da suna shi ne wanda suke kira Worldcon, wato taron duniya. An fara shi a birnin New York a 1939 da mutum kamar 200. Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da shi shekara huɗu. Tun da aka dawo a 1946 bai sake fashi ba, ko a shekarar korona ta intanet aka yi shi. Ba shi da gari ɗaya. Halin makiyayi gare shi, bana nan, baɗi can. Mahalarta ne ke jefa ƙuri'a su zaɓi garin da za a sauka bayan shekara biyu. An yi shi a Japan a 2007, an yi a Finlan a 2017, an yi a ƙasar Sin a 2023. Ku riƙe wannan: har yau bai taɓa sauka a Afirka ba.

Me marubuci ke yi in ya je? Galibi kwana biyar ake yi. Za a zaunar da shi a kan teburi da wasu marubuta uku ko huɗu, a ba su batu su tattauna a gaban jama'a, a yi musu tambayoyi. Za a ba shi lokaci ya karanta wani yanki na littafinsa da bakinsa. Za a yi layi, kowa riƙe da littafi, yana sa musu hannu. Akwai kuma ɗan ƙaramin zama, shi da masu karatu kamar goma, ana shan shayi ana hira. Gefe guda ga babban zaure cike da rumfunan masu sayar da littattafai da zane-zane, ga matasa sun yi shigar burtu, kowa ya kwaikwayi wani gwarzo na cikin labari. Wannan shi ne abin da ido ke gani. Cinikin gaske kuwa a gefe ake ƙulla shi, tsakanin marubuci da masu buga littafi da dillalai. E, su ma suna da dillalai. Dillalin marubuci shi ke kai littafi ga kamfani, ya yi ciniki, ya ɗauki la'adarsa, galibi kashi 15 cikin ɗari.

Kada ku ɗauka biyan su ake yi su je. 'Yan sa-kai ne ke shirya taron, kuma yawancin marubuta da kuɗinsu suke sayen tikitin jirgi, su kama ɗaki, su biya kuɗin shiga. Manyan baƙi kaɗai ake ɗaukar wa nauyi. To me ya sa suke zuwa? Kai da ke da bijimi, me ya sa ba ka sayar da shi a ƙofar ruga, kake kora shi har Maigatari ran Alhamis? Don farashi a inda idanu suka yi yawa yake tsayawa. Kuma wanda ya ga fuskarka ya ji muryarka, shi ke ba ka amana baɗi. A wannan taro ne ake ba da kyautar Hugo, wadda aka fara a 1953, ɗan ƙarfe ne mai siffar roka. Ba wasu alƙalai ne ke zaɓe a ɓoye ba, 'yan taron da suka yi rajista su ke jefa ƙuri'a. Saboda haka wanda ba a san shi ba, da wuya a tuna da shi.

Marubuciyar da za mu bi sunanta Nnedi Okorafor. An haife ta a Amurka a 1974, iyayenta Ibo ne daga kudu maso gabashin Nijeriya, kuma tun tana ƙarama sukan kawo ta gida ganin dangi. Da can 'yar wasan tanis ce da tsere. Tana da shekara 19 aka yi mata aiki a ƙashin baya, ta farka ƙafafunta ba sa motsi. A kan gadon asibiti ta fara rubuta labari. Daga baya ta sake koyon tafiya, amma alƙalamin ba ta ajiye shi ba. Littafinta na farko ya fito a 2005.

Ga kaɗan daga cikin zangonninta. A 2010 tana cikin manyan baƙi biyu na taron WisCon a garin Madison na Amurka, taron da ya fi mai da hankali kan rubutun mata. A 2011 babban taron labaran al'ajabi na duniya ya ba littafinta Who Fears Death, wato wa ke tsoron mutuwa, kyautar gwarzon littafi. Labarin a Sudan ta nan gaba yake faruwa. A 2016 ɗan littafinta Binti ya ci kyautar Hugo a taron da aka yi a Kansas City. A 2017 ta tsaya a dandalin TED a Arusha ta Tanzaniya, ta yi bayanin yadda labaran kimiyya za su hango Afirkar gobe. A Nijeriya ta halarci bikin littattafai na Ake. Sannan daga 8 zuwa 12 ga Agustan 2024, a Gilasgo ta ƙasar Sikotlan, tana cikin manyan baƙin taron duniyar nan da na ba ku labari. Daga littafin farko zuwa wannan kujera shekara 19 ke nan. Alhaji, ka lissafa da kyau, ba cinikin kwana ɗaya ba ne.

Bari in ba ku abu biyu da zuwa da kai ya yi mata. Kyautar nan ta 2011, siffar kan wani marubuci ce, Ba'amurke mai suna Lovecraft wanda ya mutu a 1937. Bayan ta kai ta gida sai aka nuna mata wani rubutu nasa inda ya ci mutuncin baƙar fata, cin mutunci mai muni. Ku duba wannan hali: an karrama ki, amma da kan mutumin da bai ɗauke ki mutum ba. Ba ta mayar da kyautar ba, ba ta kuma yi shiru ba. Ta rubuta abin da ke ranta a fili, wasu marubuta suka ɗora, aka yi ta muhawara, har a 2015 masu taron suka sanar sun daina ba da wannan siffa. Yanzu siffar itace da farin wata ake bayarwa. Da daga nesa take, ba wanda zai saurare ta. Da yake tana cikin rumfar, dole aka ji.

Na biyu, sunan haja. A tarurruka an yi ta haɗa rubutunta da na baƙaƙen Amurka a ƙarƙashin suna ɗaya. Ta ce a'a, nawa saiwarsa a Afirka take, ba a Amurka ba. A 2019 ta rubuta bayani ta raɗa wa irin rubutunta sunan kansa, mai ma'anar hangen gobe daga cikin Afirka, kuma duk inda aka kira ta da wancan suna sai ta gyara. Alhaji ya fi ni sanin wannan. In aka zuba albasar Galmi a buhun wani gari aka kai ta Abijan, albasar za ta sayu, amma sunan wani zai ci ribar baɗi.

To yanzu ga inda abin ya shafe ku kai tsaye. A 2007 ta fitar da littafi mai suna The Shadow Speaker, wato mai magana da inuwa. A Nijar labarin yake, a shekarar 2070, yarinya ce Musulma 'yar shekara 14 ta ratsa hamada, har da raƙumi mai magana. Binti kuwa, wadda ta ci Hugo, 'yar ƙabilar Himba ce, makiyayan shanu da awaki na arewacin Namibiya, waɗanda matansu ke shafa jar ƙasa da man shanu a jiki da gashi. Yarinyar ta bar gida ta hau jirgin sararin samaniya zuwa jami'a a wata duniya, ta tafi da ɗan tulun wannan jar ƙasa. Abin da ake yi mata kallon ƙauyanci da shi, shi ya taimaka ya cece ta.

Sai na 2021, mai suna Noor. Wannan a arewacin Nijeriya ta nan gaba yake, inda wata babbar guguwar rairayi ta kafu ba ta lafawa, wani ƙaton kamfani kuma ya mamaye kusan kome. Cikin manyan mutanen labarin akwai Bafulatani makiyayi. An far masa, an hallaka masa garke sai shanu biyu suka rage, ya kare kansa, aka ɗauki hoton bidiyo aka watsa, duniya ta kira shi ɗan ta'adda tun ba ta ji ta bakinsa ba. Wannan ba sai na yi muku fassara ba. Ba na cewa babu ɓata-gari, kowa ya san akwai, kuma makiyayi na cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Amma mutumin Gilasgo ko na Kansas City, in ya taɓa jin kalmar makiyayi daga yankinmu, to a labarin kashe-kashe ya ji ta. A wannan littafi kuwa ya tarar da mutum mai uwa da dangi, mai son dabbarsa, wanda aka zalunta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ta cancanci a gode mata.

Sai dai gaskiya ɗaya ce. Ita baƙuwa ce a ruga. Sunan makiyayin nata Dangote Nuhu Adamu, shanun nan biyu kuwa ɗaya sunansa GPS, ɗaya kuma sunan Latin gare ta. Mutumin Turai zai yi murmushi ya wuce. Kai kuwa za ka ce, wace saniya ce wannan? Kai ka san da launi da ƙaho da tsatson uwa ake kiran saniya. Ka san bambancin bunaji da rahaji da bokoloji tun daga nesa. Ka san rijiyar da ke ƙafewa a watan bakwai da wadda ke kai mutum bazara, ka san abin da fitowar Kaza da 'Ya'yanta ke faɗa wa mai garke. Ba laifinta ba ne, iya abin da idon baƙo ya gani ta rubuta, kuma ta rubuta da kyakkyawar zuciya. Amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. In gobe wani ya tashi da mugun nufi ya rubuta nasa makiyayin, ya kai shi wannan kasuwa, wa zai miƙe a cikin zauren ya ce ba haka ba ne? Ba kowa, don ba mu nan.

Na san abin da fatake za su ce: Malam, hanya fa? Gaskiyarku. Ku da kuka san zaman jiran duwan da kwastan, kun san takarda ta fi kaya nauyi. Ita Nnedi fasfon Amurka gare ta, ƙofofi a buɗe suke. Wani marubuci da ke zaune a Nijeriya, Oghenechovwe Donald Ekpeki, wanda ya ci kyautar Nebula a 2022, sunansa na cikin 'yan takarar Hugo a wannan shekara, amma da farko hana shi bizar zuwa taron Chicago aka yi, sai daga baya aka ba shi. Ita kanta Nnedi ta rubuta wani labari mai zane, LaGuardia, sunan wani filin jirgi na New York, a kan yadda ake tsare baƙi a bakin shiga, har da baƙin da suka zo daga wasu duniyoyi. Shi ma ya ci Hugo a 2020. Ashe maganar iyaka ba a Jibiya ta tsaya ba.

Amma ba wanda ya fara fatauci da Abijan. Da kasuwar ƙauye ake farawa. Bikin Ake da na ambata, wata marubuciya Lola Shoneyin ce ta kafa shi a Abekuta a 2013, daga baya ya koma Legas. A wurinsa aka fara ba da kyautar Nommo a 2017, kyautar da aka keɓe wa marubutan Afirka masu irin waɗannan labarai, kuma daga al'adar Dogon na Mali aka samo sunan. Kusa da mu, Kaduna ta fara bikin littattafanta a 2017, kuma a 2021 aka fara wani biki na musamman domin littattafai da fasahar Hausa. Waɗannan da mota ake zuwa. Gaskiya ne manyan kasuwannin can da Turanci suka fi ci, amma ana fassara, kuma ba a fassara abin da ba a rubuta ba.

Mu ma fa muna da namu taron duniya. Duk watan Satumba makiyaya na haɗuwa a Ingal wajen lasar gishiri, ga Gerewol na Wodaɓe. Baƙi na zuwa daga Turai da kyamarori, su ɗauki kwalliya da rawa su tafi. Hoto suke ɗauka. Labarin da ake yi da dare a bakin wuta, na fari da aka sha, da saniyar da ta nuna hanyar ruwa, da abin da aka gamu da shi a tsakiyar daji, wannan yana nan a bakin tsofaffi, kuma tsofaffin tafiya suke yi.

Saboda haka ga shawarata. Alhaji, kada ka ƙwace wayar. Ka ƙara mata da littafin rubutu da biro, ka ce ta gama labari ɗaya daga farko har ƙarshe, don masu farawa sun yi yawa, masu gamawa ne kaɗan. Ka riƙa ba ta labarin hanya, na tasha da na shinge da na dillalai, don abin da ta sani wanda wani bai sani ba shi ne jarinta. In an yi bikin littafi a kusa, ka haɗa ta da wanta ko gwaggonta su je, ta zauna ta saurara, ta gaisa da marubuta. Ban yi maka alkawarin arziki ba, yawancin marubuta suna da wata sana'ar da suke ci da ita. Kuma ku kula da 'yan damfara. Duk wanda ya ce a turo kuɗi zai samo gayyata ko biza ko kyauta, ku rabu da shi. Dillalin gaske sai an sayar yake cin la'ada, can ma haka ne.

Kai kuma makiyayi, wayar da kake jin farashin kasuwa da ita tana ɗaukar murya. Ka zaunar da Baffa ko Inna, ka danna, su faɗi sunayen shanu da na burtali da na rijiyoyi, da tatsuniyoyin da aka yi musu, da Fulatanci ko Hausa ko Buzanci, duk wanda ya fi sauƙi a bakinsu. Ka ba yaron da ke makaranta ya rubuta. Sannan ku tambayi kanku irin tambayar da marubutan nan ke yi: a shekarar 2070, ina burtali zai bi? Wa zai mallaki rijiya? Jikanka zai yi kiwo, kuma da me? Wasu sun riga sun fara amsa wannan tambaya a madadinku, a zaurukan da ba ku taɓa shiga ba. Gara a ji taku.

Wanda ke da tambaya ko gyara, layinmu a buɗe yake kamar kullum. Alhaji mai albasa, ka gai da ɗiyarka, ka ce muna jiran labarin, in ta gama za mu karanta shi a wannan fili. Mu kwana nan. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare garke, Ya sa a sayar da riba. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.